Filin Tambayi Anti: "Maigidana ya daina magana, Umma kuma ta ce in yi haƙuri"

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Shekararmu bakwai da aure, yaranmu uku, muna zaune a Kurna, maigidana yana sayar da atamfa a Kantin Kwari. Da wallahi mutum ne mai raha, har tsokanata yake yi, amma tun da kasuwa ta tsaya masa ya koma kamar baƙo a gidan, ya shigo bayan isha ya ci abinci yana danna waya, in na ce Abban yara me ke damunka sai ya ce ba komai. Ni kuma gaskiya ba na iya shiru, da ya shigo nake faɗa masa gas ya ƙare, an koro yara kuɗin makaranta, rannan da raina ya ɓaci har na ce masa mazan da suka isa ba a tambayarsu kuɗin cefane sau biyu, bai ce min uffan ba ya saka takalminsa ya tafi majalisa sai sha biyun dare. Na taɓa yin yaji sau ɗaya, Umma ta mayar da ni ta ce aure ɗan haƙuri ne. Yanzu kuma ƙawata ta turo min wani bidiyo wai masana sun gano duk mijin da yake yin shiru in ana faɗa to auren mutuwa zai yi. Anti da gaske ne? Ni dai na gaji, har na fara tunanin ya sawwaƙe min. Daga 'yarki a Kurna.

Amsa: Wa alaikumussalam 'yata, Allah ya sanyaya miki. Bidiyon nan kar ya hana ki barci, an ɗauko gaskiya ne aka yanke mata kai da ƙafa, zan zo kansa. Amma bari in fara da kasuwar tukunna dan a can na ga bakin zaren.

A shekarun 1980 manoman jihar Ayowa ta Amurka sun shiga wani irin bala'i, farashin gona ya faɗi, bashin banki ya ci su, wasu aka ƙwace gonakin da suka gada tun kaka da kakanni. A 1989 wani masani Rand Conger da abokan aikinsa suka ɗauki iyalai 451 a yankin suna bibiyarsu shekara da shekaru, har gida suke zuwa da kyamara suna ɗaukar yadda miji da mata suke hira. Abin da suka gani shi ne rashin kuɗin ba kai tsaye yake cin auren ba, hanya yake biyowa, bashi ya danne mutum, ransa ya ƙuntata, ya zama mai saurin hasala ko ya janye jikinsa, sai ɗayan ya ɗauka shi aka tsana, daga nan sai a fara. Kuma ma'auratan da suka riƙe juna da tausayi a cikin matsin ba su jigata kamar sauran ba, alhali aljihun duk ɗaya ne. Toh ki cire Ayowa ki saka Kwari, tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa bai ji a jikinsa ba, mutum ya wuni a shago yana kallon kwastoma suna taya kaya suna wucewa, mai kaya yana kiran waya yana jiran kuɗinsa, ya biya kuɗin adaidaita sahu ya dawo gida da leda ɗaya, bai ko cire takalmi ba aka tare shi da lissafin gas. Ba na ce ƙarya kike yi ba, gas ɗin ya ƙare da gaske kuma ke aka bari da yara da tukunya, amma ki kalli ƙofar nan da idonsa sau ɗaya.

Shirun ma kala biyu ne kuma nan ne bidiyon ƙawarki ya cakuɗa. Akwai wata masaniya Rena Repetti da ta yi bincike a 1989 kan ma'aikatan da suke ba jirage umarnin sauka da tashi, aiki ne mai cin ƙwaƙwalwa, ta ga ranar da aiki ya yi musu yawa in sun koma gida sun fi janyewa su yi shiru, amma kuma a ranakun sun fi rage faɗa, musamman waɗanda matansu suke lallaɓa su. Wato wannan shirun hucewa ne, kamar ki sauke tukunya ki bar ta ta sha iska kafin ki buɗe. Ɗaya shirun shi ne wanda ana tsakiyar magana mutum ya toshe kunnensa ya kau da kai kamar da bango kike, kullum haka, wata da watanni, ba ranar da za a dawo kan maganar. Wannan shi ne John Gottman na Jami'ar Washington ya lissafa cikin abubuwa huɗu masu rusa aure, shi da abokin aikinsa Robert Levenson sun shafe shekaru suna zaunar da ma'aurata su yi gardama na minti goma sha biyar an jona musu na'ura tana auna bugun zuciya da gumi. Sauran ukun su ne sukar halin mutum maimakon laifin da ya yi, da kare kai wato kowa ya ƙi karɓar nasa, sai raini. Alkaluman da ake yayatawa wai ana iya gane wanda zai rabu kusan ɗari bisa ɗari kuwa, masana 'yan uwansa ma sun ja da shi a kai, dan haka ba wanda zai kalli mijinki daga TikTok ya yanke wa aurenki wa'adi.

Yanzu ki yi haƙuri zan taɓa ki kaɗan, ai ke kika kawo kanki. A cikin huɗun nan wanda Gottman ya ce ya fi kowanne dafi ba shirun ba ne, raini ne, gori da habaici da taɓe baki da harara. "Mazan da suka isa" ɗin nan da kika faɗa, 'yata, wannan ba ƙorafi ba ne, kin gaya masa ne shi bai isa ba, a daidai lokacin da shi kansa abin da yake gaya wa kansa kenan a shago. Na san ba daga zuciyarki ya fito ba, gajiya ce, ni ma da nake rubutun nan na taɓa jefa wa nawa maigidan makamanciyarta shekarun baya kan kuɗin haya, na ga yadda ya ajiye cokali a hankali ya tashi, kuma abin da ya fi ba ni kunya tuwon da na wuni ina tuƙawa haka ya kwana. Wata uku bayan nan ya maimaita min maganar kalma bayan kalma, ni har na manta.

Abin da kuke ciki yana da suna a wajen masana, ɗaya yana bi ɗaya yana gudu. Kina matsawa saboda ya yi shiru, yana ƙara shiru saboda kin matsa, kowa kuma yana rantsuwa ɗayan ne ya fara. Andrew Christensen na Jami'ar Kalifoniya da wani abokinsa sun gwada wani abu a 1990, suka sa ma'aurata su tattauna abu biyu, ɗaya wanda matar take so a canza ɗaya wanda mijin yake so. A kan maganar matar, ita ke bi shi ke gudu, amma da aka zo kan tasa sai bambancin ya ɓace. Kin ga kenan ba wai an halicci mata da mita maza da kurumta ba ne, wanda abu ya dama shi ke bi. Ni wannan binciken ya fi burge ni duk a cikinsu dan ya wanke mu daga sharrin da aka daɗe ana yi mana.

Sai maganar Umma. Ban ce ta yi kuskure ba, ta fi ni sanin 'yarta, amma haƙurin da ake ba mu a Kano yawanci ma'anarsa ki haɗiye ki koma ɗakinki, shi ma a majalisa abin da ake gaya masa kenan, ka share kawai mata sai haƙuri. Sai a wayi gari mutum biyu a gado ɗaya kowa yana haƙuri da ɗan uwansa a ɓoye, kowa yana ganin shi ne mai ƙoƙari. Tun 1984 Richard Lazarus da Susan Folkman suka raba yadda ɗan Adam yake fuskantar damuwa gida biyu, ko ka tunkari matsalar ko ka lallashi zuciyarka, kuma kowanne da wajensa, farashin dala ba a hannunki yake ba nan sai addu'a da dangana, amma yadda ake kashe ɗan abin da ya shigo ai a hannunku yake. Daga baya wani ɗan Suwizalan Guy Bodenmann ya ce ai a aure damuwa ba ta mutum ɗaya ba ce, ya yi ta nazarin yadda miji da mata suke ɗaukarta tare, kuma bincike da yawa bayansa sun nuna wannan ɗauka taren tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da jin daɗin aure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka dai, mu mun riga shi faɗa, shi ya auna ne. Har ya ware taimakon da ba taimako ba, irin a tambaye ka me ya faru ana kallon waya, ko a taimaka ana tsaki.

Toh ga abin da nake so ki gwada sati biyu. In ya shigo ki bar shi ya watsa ruwa ya ci abinci, lissafi ya jira. In yara sun kwanta kar ki ce me ke damunka, kin riga kin san amsar ba komai ce, ki tambayi abu ƙarami wanda yake da amsa, yau an yi ciniki kuwa, mai kayan nan ya sake kira? Sannan ki fara ba shi haƙuri kan waccan maganar ta "mazan da suka isa" ki ambace ta da sunanta. Maganar kuɗi ku saka mata rana, ko Juma'a bayan ya dawo masallaci, da biro da takarda, kuma ki kula da yadda za ki buɗe ta, dan a wani binciken su Gottman na 1999 kan sabbin ma'aurata 124, minti ukun farko na gardama ya nuna inda aka dosa. Naki nauyin ma ki faɗa, ki ce na gaji ina jin tsoro, wannan ya fi shiga kunne a kan ki ce masa "ka kasa". Su dai waɗannan bincike a kan Turawa aka yi yawancinsu, masu mata ɗaya, ba uwar miji a tsakar gida ba dangi a zaure, dan haka ki ɗauki abin da ya yi daidai da gidanki.

In kin yi naki ya ƙi motsi, kar ki sake yaji ke kaɗai, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a samo mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga naki, ki zaɓi wanda yake jin nauyinsa ba wanda zai je ya tozarta shi ba. In kuma kin lura ba ya barci, yana ramewa, ya daina zuwa kasuwar ma, wannan ya wuce halin maza, ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa, akwai sashen masu duba irin wannan a asibitin Malam Aminu Kano. Ba ki ambaci duka ko hana abinci da gangan ba shi ya sa na yi miki wannan doguwar amsar, da akwai su da waliyyinki da Hisba zan tura ki tun layin farko.

Tambaya: Anti ni namiji ne daga Ɗorayi, ina karanta filinki a wayar matata. In muka fara sa'insa sai in ji ƙirjina yana bugawa kunnena ya toshe, sau biyu ina ce mata ta tafi gidansu kuma daga baya in yi ta nadama. Ya zan yi?

Amsa: Malam sannu da ƙoƙari, ba kowane namiji ne zai rubuto ba. Hukuncin kalmar da ka furta ba fagena ba ne, ka samu malami ka gaya masa ainihin lafazin da niyyarka, kuma kar ka ja lokaci. Bugun ƙirjin kuwa su Gottman sun auna shi, in zuciya ta haura bugu 100 a minti ana cikin faɗa to kunne ya daina ɗaukar magana, kuma jiki yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka. Da ka ji ya fara ka ce mata raina ya ɓaci zan je in dawo mu ƙarasa, ka faɗi lokacin da za ka dawo ɗin, ka yi alwala ka zaga layinku, amma kar ka tafi kana haɗa amsar da za ka ba ta a ranka dan wannan ƙara wa wutar itace ne. Kuma ka dawo a lokacin da ka ce ko da ba ka shirya magana ba, ka zauna dai ta ga ka dawo. Ka nuna mata amsar nan tun yau da kuke shiri, tunda dama wayarta ce.