Garmahon nan mai ƙahon tagulla, na asali ne kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina tara tsofaffin kaya, rediyo da agogon bango, yanzu kuma raina ya biya ga garmaho na ɗorawa a tebur. Wani dillali ya kawo mini ɗaya mai ƙaton ƙahon tagulla yana sheƙi, da hoton karen nan na tambarin His Master's Voice (HMV) a gabansa. Ya ce daga gidan wani tsohon Baturen reluwe ya fito. Kuɗin da ya yanka ya kusa na babur. Na ba da kafin alƙalami, tun ranar kuma barcina rabi da rabi. In cika ko in janye? Daga mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ƙara ko kwabo tukuna.

Da wuya mako ya wuce ba a turo mini hoton irin wannan garmaho ba, labarin kuma bai canzawa: ko Baturen reluwe, ko tsohon Razdan, ko gidan sarauta. Da Turawan da suka zauna Kaduna sun bar garmaho yawan wanda dillalai ke jingina musu, ai da jirgin Ikko bai yi dakon komai ba sai shi.

Abin da ke cin kuɗin mutane shi ne ɗaukar da suka yi wa ƙaho da kare a matsayin shaida. Karen nan takarda ce, kowa na iya liƙa ta ya bi da fenti. Kamfanin Gramophone na Ingila, wanda aka kafa a 1898, shi ne ya mallaki tambarin a wancan zamani, amma shekaru da dama ke nan masu ƙira a Indiya suna kwaikwayonsa. Sai su ciro inji daga mataccen garmahon tafi-da-gidanka, su harhaɗa masa sabon akwati, su kafa ƙaho, a zuba a kasuwar kayan ado. Masu ƙahon waje na gaskiya yawancinsu na kafin 1920 ne, kuma ba su da yawa. Wanda ya fi zagawa gidaje shi ne mai murfi, ƙahonsa a ɓoye cikin akwati, irin HMV 103 da 109 na tsakiyar shekarun 1920, ko 130 da ya biyo bayansu. Amma da yake ba ya ɗaukar ido, sai a raina shi a bi mai ƙyalli. Abin takaici.

Koma wurin dillalin da rana tsaka, ba da magariba ba. Fara da hannun da ake murɗawa a yi wa injin wani. Idan ya shiga akwatin a karkace, kamar yana kallon sama, injin na tafi-da-gidanka ne, magana ta ƙare. Na tebur na asali hannunsa a miƙe yake shiga. Dubi wuyan ƙahon: na gaskiya lanƙwasarsa sumul take, na jabu kuwa gutsattsarin bututu ne aka haɗa da dalma, gwiwa-gwiwa. Ɗaga farantin da ake ɗora faifai a kai ka leƙa. Sukuru mai kan tauraro a garmahon da aka ce ya girmi kakanka? Na da tsaga ɗaya gare su. Sannan sa hanci a cikin akwatin. Tsohon katako warin daɗaɗɗen giris da ƙura yake, ba ƙamshin shagon kafinta ba. Idan ya hana ka taɓawa, ya ce "amana ce", ka karɓi kuɗinka.

Wasu kan ce mini, "To Malam, ai yana waƙa." Yana yi mana! Nan ne ma ɓarnar take. Hannun da ke ɗauke da allura a na jabu ba ya juyawa a sake, kusurwarsa kuma ba daidai take ba, don haka allurar noman faifan take yi. Na taɓa ganin wani bawan Allah ya ɗora faifan da ya gada wurin mahaifinsa a kan irin wannan. Kafin waƙar ta kai ƙarshe baƙin gari ya taru a bakin allura, layukan faifan sun yi fari-fari. Garmaho kana iya samun wani. Faifan mai juyi 78 a minti da aka daina bugawa tun kafin a haife ka, wa zai sake maka shi?

Ko ka dace da na asali, allurar ƙarfe fuska ɗaya ta faifai take yi a jefar, kuma kada ka kusanta shi da faifan roba mai juyi 33 ko 45. Idan ka ji injin yana "gum" lokaci-lokaci, giris ne ya daskare a gidan sifirin. Kada ka buɗe da kanka, don sifirin ɗin in ya ƙwace yana tsarge yatsa har ƙashi. Nemi tsohon mai gyaran agogon bango. Ka kuma juya akwatin ka ƙwanƙwasa gindinsa, saboda gara da ƙwarin katako sun fi dillali iya ɓoye aikinsu.