Hukuncin Sa Sunan Ƙanina da Ke Wani Gari a Inshorar Motata

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila, ina da mota da inshora da sunana. Ƙanina yana Leicester, bai cika shekara da samun lasisi ba, kuma kuɗin da kamfanoni suke nema a wurinsa ya fi ƙarfinsa. Ina so in sa shi a tawa a matsayin ƙarin direba. Motar za ta riƙa zama a wurinsa saboda aikinsa na zagayawa gidajen tsofaffi, ni jirgin ƙasa nake hawa, sai ƙarshen mako nake buƙatarta. Wani ɗan'uwa ya ce mini ba komai, tunda inshorar kanta haramun ce, kamfanin kuma ba na Musulmi ba ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri a kan kula da ƙaninka, da kuma tsayawar da ka yi ka tambaya kafin ka sa hannu.

Ita inshorar da doka ta wajabta ba sai mun tsaya a kanta ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta haramta inshorar kasuwanci a 1978, ta Jidda ma ta bi sahu a 1985, amma wanda hukuma ta tilasta wa yinta, kamar yadda dokar hanya ta 1988 ta yi a inda kake, babu laifi a kansa. Haka zaman ƙaninka a wani gari ba shi ne matsala ba. Kamfanoni da yawa a can suna karɓar ƙarin direba mai adireshi daban, idan an faɗa musu gaskiya kuma suka yarda. Da a nan tambayarka ta tsaya, da na ce maka ya halatta, na yi shiru.

Abin da ya juya hukuncin yana cikin maganarka da kanka: motar za ta riƙa zama a wurinsa. Wanda mota take kwana a ƙofarsa kwana biyar a mako, shi yake tayar da ita kullum da safe, shi ne babban direba ko da takardun motar da sunanka suke. Kamfanin zai tambaye ka wa ya fi tuƙa ta, a ina take kwana, kuma me ake yi da ita, a kan waɗannan amsoshi yake yanka farashi. Idan ka ce kai ne, a Birmingham take kwana, ta zirga-zirgar gida ce, ka yi ƙarya uku a takarda ɗaya domin a rage maka kuɗin da ba za a rage ba in an san gaskiya. Wannan ha'inci ne, bai halatta ba.

Maganar ɗan'uwan da ya ba ka shawara ita ce nake so mu zauna a kanta, domin ta yaɗu a tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Turai, kuma ana jingina ta ga Imam Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad ɗan Hasan, waɗanda suka halatta wa Musulmi karɓar ƙari, wato riba, daga hannun wanda ake yaƙi da shi a ƙasar shi abokin gabar. Tun farko, Malik da Shafi'i da Ahmad sun saɓa musu, har Abu Yusuf, babban almajirin Abu Hanifa, bai bi malaminsa a nan ba, kuma hadisin Makhul da aka dogara da shi, mai cewa babu riba tsakanin Musulmi da abokin gaba a ƙasar yaƙi, Shafi'i ya ce bai tabbata ba. To mu ɗauka ma ra'ayin ya inganta. Su Hanafiyyan da kansu sun sa sharaɗi: dukiyar ta fito da yardar mai ita, ba tare da yaudara ba, domin wanda ya shiga ƙasa da aminci ya ɗauki alkawarin ba zai ci amanar mutanenta ba. Kai da biza ka shiga, ka zauna lafiya, kana sallarka a fili. Ina yardar kamfanin da aka ɓoye masa wanda yake tuƙi? Ra'ayin da ake fakewa da shi ma bai rufe wannan aiki ba.

Ka dubi Mugira ɗan Shu'uba. Ya yi tafiya da wasu mushirikai, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo ya musulunta. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya karɓi Musuluncinsa, amma ya ce babu ruwansa da dukiyar, alhali masu ita kafirai ne, saboda ta hanyar cin amana aka same ta.

Shi kuwa cewa ƙullin ɓatacce ne don haka ƙarya a cikinsa ba ta da nauyi, wannan juya ƙa'ida ne. Lalura ta buɗe maka ƙofar sa hannu, gwargwadonta ake auna ta, ba ta buɗe ƙofar ƙarya ba. Kuma ba kamfani kaɗai ake cuta ba. Asarar irin wannan a kan sauran masu motoci ake raba ta, cikinsu har da wanda kuke sahu ɗaya a masallaci.

Yanzu bari in yi maka magana a matsayin yaya. Kana ganin gata kake yi wa yaron nan, alhali rami kake haƙa masa. Ranar da aka yi hatsari kamfanin zai bincika, kuma dokar inshora ta 2012 ta ba shi damar soke inshorar ya riƙe kuɗin da aka biya idan ƙaryar da gangan ce. Wanda aka buge za a biya shi, sannan a iya dawowa kanku neman kuɗin. Tuƙi babu inshora tararsa fam 300 ne da makin laifi 6 a kan lasisi, kuma sabon direban da ya tara maki 6 cikin shekara biyun farko ana ƙwace lasisinsa. Ka ga aikin da kake son kare masa shi zai fara tafiya. Kai kuma duk inda ka je neman wata inshorar sai an tambaye ka ko an taɓa soke maka.

Ka kira kamfanin ka shimfiɗa musu lamarin yadda ka shimfiɗa mini: shi ne babban direba, a Leicester take kwana, yana zagayen aiki da ita. Kai sai ka koma ƙarin direba, wanda shi ne gaskiyar lamarin, kuma sau da yawa sa sunan gogaggen direba irinka yana sauke farashin. Akwai kuma inshorar da ake maƙala wa mota na'urar lura da tuƙi, ta fi sauƙi ga sabon hannu. Abin da ya rage na kuɗin, in kana da hali ka cika masa, kyauta ko rance, wannan shi ne zumuncin da za ka samu ladansa. In za ku iya, ku biya na shekara gaba ɗaya, domin biyan wata-wata a can galibi bashi ne mai ruwa.

Idan kuma ka riga ka cike takardar a kan ƙarya kafin amsar nan ta iso ka, ka tuba, ka gyara bayanin yau ɗin nan, ka biya bambancin, kada ƙaninka ya sake tayar da motar sai an gyara. Shi ɗan'uwan da ya ba ka fatawa ka isar masa da wannan cikin taushi, a keɓe.

Wallahu a'alam.