Alhaji, a duba biza kafin a yanki tikitin jirgin Hong Kong

Wani ɗan kasuwa mai shagon kayan sola da cajar waya a Babbar Kasuwar Gombe ya aiko mini da wannan tambaya:

"Malam, barka da aiki. In Allah ya yarda zan je baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou ta ƙasar Chaina a watan Oktoba, zuwana na biyu ke nan. Bana ina so in tsallaka Hong Kong a jirgin ƙasa in kwana biyu, in ga baje kolin kayan lantarki na can, sannan in dawo Guangzhou in ƙarasa lodin kayana. Wani eja da aka haɗa mu a WhatsApp ya ce in tura masa dala 150 ya yanka mini tikitin zuwa da dawowa. Yarona kuma ya ce ana saye a intanet. Wanne ya fi? Kuma katina na naira zai ci a can?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Zan zo kan maganar ejan da ta katin, amma da na kai wurin da kuka ce "in dawo Guangzhou" sai da gabana ya faɗi, domin a nan ne ake asarar da ta fi kuɗin tikiti nesa ba kusa ba.

Hong Kong yanki ne na Chaina, amma tana da nata jami'an shige da fice da nata dokar biza. Mai fasfon Najeriya ba ya shiga da bizar Chaina, sai ya nemi ta Hong Kong daban, kuma hukumar shige da ficen can takan ɗauki kamar mako huɗu kafin ta ba da amsa. Na biyu, wanda ya fi cin mutane: ranar da kuka tsallaka Hong Kong, a lissafin hukuma kun fita daga Chaina. Ku buɗe fasfonku a shafin biza, ku nemi inda aka rubuta Entries. In 01 kuka gani, shiga ɗaya aka ba ku, kuma kun cinye ta tun ranar da kuka sauka a filin jirgin Guangzhou. Kuna fita, ƙofa ta rufe. Kayanku na sito a Guangzhou, jakarku na otal, jirgin komawa gida daga can zai tashi, ku kuwa kuna tsallake ba hanyar dawowa. In 02 ce, wato shiga biyu, ko M, wato shiga da yawa, to da sauƙi.

Shafin sayar da tikiti ba ya tambayar wannan. Zai karɓi kuɗinku ya ba ku kujera, ba ruwansa da ko kuna da izinin sauka. Eja ma, in kuɗin tikiti kawai ya sa a gaba, ba lalle ya tambaya ba. Binciken duka a tashar West Kowloon ta Hong Kong ake yi, jami'an ɓangarorin biyu suna cikin gini guda, don haka mutum kan sha tafiyarsa lafiya lau har ya isa, sannan a juyo da shi.

In ya tabbata shiga ɗaya gare ku, ba sai kun fasa Hong Kong ba. Ku juya tafiyar. Baje kolin lantarki na kaka a Hong Kong bisa al'ada daga 13 zuwa 16 ga Oktoba ake yi, zangon farko na Canton kuma, wanda kayan lantarki ke ciki, daga 15 zuwa 19. Kun ga Hong Kong ce ma ke fara buɗewa. Sai ku nemi tikitin jirgin sama da zai sauke ku a Hong Kong ya ɗauko ku daga Guangzhou. Ethiopian Airlines tana zuwa biranen biyu ta Addis Ababa, kuma tana tashi daga Kano da Abuja. Ku yi kwana biyunku, ku hau jirgin ƙasa sau ɗaya tak zuwa Guangzhou, ku shiga da bizarku ta 01, ku yi sayayya da lodi hankali kwance, ku dawo gida. Bizar Hong Kong dai tana nan, ba makawa, amma kun huta da neman shiga ta biyu, kun kuma rage tikiti ɗaya. In ni ne ku, haka zan yi ko da 02 aka ba ni, don mutum ya fi iya ciniki a Guangzhou bayan idonsa ya ga farashi da ingancin kayan Hong Kong.

To, ejan. Layin jirgin ƙasan nan mai gudu an buɗe shi ne a Satumban 2018, kuma tsakanin tashar Guangzhou ta Kudu da West Kowloon kamar awa ɗaya ce, wani jirgin ma bai kai ba. Kujerar aji na biyu yuan 215 aka sa mata, wajen dala 30. Zuwa da dawowa dala 60. Sauran dala 90 ɗin fa, ta mece ce? Ba na ƙin mutum ya ci ladan wahalarsa, dillanci sana'a ce, amma aikin minti goma a waya bai kai haka ba. Sannan sai kun tura wa wanda ba ku taɓa gani ba hoton fasfonku. Yaronku ya fi shi gaskiya.

Hanyar saye a intanet biyu ce. Akwai 12306, shafi da manhajar hukumar jiragen ƙasan Chaina kanta, tana da ɓangaren Turanci, kuma ba ta ƙara ko kwabo a kan farashi. Wahalarta a rajista take, sai an tantance fasfo, kuma tantancewar takan ɗauki lokaci. Akwai kuma Trip.com, wadda ke ɗora 'yan daloli na hidima amma ta fi sauƙin sha'ani ga baƙo. Ga wanda tikiti ɗaya ko biyu zai saya, ta biyun ta wadatar. Kwana 15 kafin ranar tafiya ake buɗe sayarwa, kuma lokacin baje koli jiragen safe kan cika da wuri, don haka a saya tun ana Gombe. A zauna da yaron a shago, fasfo a buɗe a gabansa, ya kwafi suna harafi bayan harafi. Mu nan mun saba mutum ya zama Muhammad a banki, Mohammed a fasfo, Moh'd a rasit, a can kuwa fasfon shi ne tikitin, ba wata takarda da za a miƙa muku. Harafi ɗaya ya saɓa, sai an koma layin kantar ma'aikata ana bayani da hannu jirgi na shirin tashi. A kula da sunan tasha ma: Guangzhounan ita ce ta Kudu, Guangzhoudong ta Gabas, kuma akwai tazara sosai a tsakaninsu. Ta Kudu tana can gundumar Panyu, nesa da Xiaobei da Sanyuanli inda mutanenmu suka fi sauka, ko da yake layi na 2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana haɗa ta da Sanyuanli kai tsaye. Kafin a danna biya, a karanta sharaɗin mayar da kuɗi in an fasa, don na tikitin tsallaka iyaka ba lalle ya zo ɗaya da na cikin gida ba.

Katin naira: bankuna sun dakatar da amfani da shi a waje na tsawon lokaci, sai a 2025 wasu suka dawo da shi, kowane banki da iyakar dalar da ya yanke. Ku taka zuwa reshenku ku tambayi taku iyakar, kuma ku sa a tabbatar an buɗe katin don sayayyar waje. Katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali in kuna da shi. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne lambar sirrin nan da banki ke turowa ta saƙon tes. Layinku na Najeriya za ta je, in kuwa kun cire shi kun sa na Chaina, ko ba ku buɗe masa aiki a ƙasar waje ba, ciniki ya tsaya ke nan ko da asusun cike yake. Ƙari a kan haka, Gmail da WhatsApp ba sa buɗewa a intanet ɗin cikin Chaina, saboda haka a ɗauki hoton bayanin tikitin a ajiye a waya, a kuma buga shi a takarda a haɗa da fasfo. Alipay da WeChat Pay, manhajojin biyan kuɗi na can, suna karɓar Visa da Mastercard na waje tun 2023, su ma a haɗa su da katin tun daga gida.

Abu ɗaya da 'yan kasuwa ke mantawa: jirgin nan na fasinja ne. Kilo 20 aka yarda wa babban mutum, kuma tsawon jaka da faɗinta da tsayinta in an haɗa kada su wuce santimita 130. Batir ɗin sola da manyan samfura ba wurinsu ba ne. Ku ɗauki katalog da katin kamfanoni da ƙananan samfura, sauran a bar wa masu kago.

Mu da muka tashi muna jin labarin jirgin da ke bi ta Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri, layin da aka kammala a 1964, yanzu kuma tasharmu shiru, ba laifi ba ne in abin nan ya zo mana baƙo. Wanda ya hau jirgin Haramaini tsakanin Makka da Madina ya riga ya ga rabin tsarin.

Alhaji, yau da daddare ku buɗe fasfon ku duba lambar nan, ku sanar da ni 01 ce, 02 ce, ko M. In ba a riga an yanki tikitin jirgin sama ba, a dakata tukuna sai mun yi magana, takardun bizar Hong Kong kuma a fara haɗa su cikin makon nan. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku da alheri. A gaishe mini da yaron.