Tun da maigidana ya rasu na kasa yin addu'a

Mama, barka da aiki. Shekarata 38, ina zaune a Sabon Gari nan Kano da 'ya'ya uku. Bara da damina maigidana ya rasu bayan ya yi wata bakwai yana fama da ciwon ƙoda. Azumi na yi, addu'ar dare na yi, har keken ɗinkina na sayar saboda kuɗin wankin ƙoda. Yanzu mai gidan da muke haya ya ba ni wata biyu, in biya ko in tashi.

Abin da ya fi ci mini rai, wata 'yar'uwa ta ja ni gefe bayan sujada ta ce in binciki kaina, wai akwai zunubin da ban tuba ba. Tun ranar in na durƙusa sai bakina ya yi nauyi. Littafi Mai Tsarki na marigayin yana kan taga, ƙura ta lulluɓe shi, na kasa taɓawa. Mama, haushin Allah nake ji. Na fāɗi daga bangaskiya ke nan?

Taki, mai neman shawara

Amsa:

'Yata, sannu da wannan babban rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran.

Ba ki fāɗi ba. Maganar matar nan kuwa ta ɓata mini rai ƙwarai. Irinta abokan Ayuba suka yi ta faɗa masa yana zaune cikin toka, kuma a sura 42 Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu, don ba su faɗi gaskiya game da shi ba. A Yohanna 9 ma, da almajirai suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba ne. Ciwon ƙoda ne ya kashe mijinki. Ki sauke wannan kaya, ba naki ba ne.

Haushin da kike ji, ki kai wa mai shi. Buɗe Zabura 13 ki ga sau huɗu Dawuda yana tambayar Allah har yaushe, ba kwana-kwana. Ubangijinmu kansa a kan gicciye ya yi kuka cewa Allah ya yashe shi. Da daddare in yara sun yi barci, goge ƙurar littafin nan, ki karanta zaburar da ƙarfi. In hawaye ya hana ki ƙarasawa, ki bar ta nan, ya ji.

Sai maganar haya. Da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, gurasa da ruwa mala'ika ya fara ba shi kafin wata magana. Kada kunya ta hana ki. Kula da gwauraye da marayu hakki ne a kan ikkilisiya, Yakubu 1:27 ya faɗa ƙarara. Ran Lahadi ki samu shugabar Zumuntar Mata, ku je wurin fasto tare, ki faɗi adadin kuɗin da ranar da wa'adi zai cika. Ki roƙi dattijo ɗaya ya raka ki wurin mai gidan, a nemi ya karɓa kashi-kashi. Ki kuma tambaya ko akwai mai keken da yake ajiye, tunda ɗinki na hannunki.

Ki sake rubuto mini bayan kun gana da fasto, ina jira.

Mamanki