Ku Tambayi Injiniya: Fanel nawa ne zai ishi gidana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, dan Allah ina so in sa sola a gidana ne saboda kuɗin fetur ɗin janareta ya ishe ni. Ina da ƙwan fitila 6, fankar sama 2, talabijin da dikoda, ƙaramin firji, sai cajin wayoyi. Mai shago ya ce in ɗauki inbata 2.5kVA da fanel ɗaya da batir ɗaya wai zai ja komai, amma maƙwabcina irinsa ya sa kuma ƙarfe biyun dare wutarsa ke ɗaukewa. Fanel nawa zan saya? Daga wani malamin makaranta a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Mai shagon nan ba ƙarya ya yi maka ba gaba ɗaya, inbatar za ta ja kayan, abin da bai gaya maka ba shi ne na awa nawa. Inbata moɗa ce kawai, batir shi ne randa, fanel kuma ɗan garuwan da ke cika ta, to ka ga girman moɗa ba ya ƙara ruwa a randa. Shi ya sa maƙwabcinka ke kwana da zufa.

Ɗauko biro mu yi lissafi. Kowane kayan wuta akwai wat ɗinsa a rubuce a bayansa ko a kwalinsa, sai ka ninka da awannin da yake aiki a rana. Zan yi da adadin da aka saba gani, kai ka duba naka. Ƙwai 6 masu wat 10 awa 5, 300 kenan. Fanka 2 masu wat 75 awa 10, 1500. Talabijin da dikoda wat 70 awa 5, 350. Wayoyi mu ba su 50. Firji shi ba ya aiki a miƙe, yana tashi yana hutawa, ƙarami mai lafiya mu sa masa 1200 a wuni da kwana. Duka 3400 kenan, wato yunit uku da kusan rabi irin na mita.

Amma ba duk abin da fanel ya tara ke isowa soket ba, wayoyin wuta na ci, inbata na ci, batir na ci, ga zafi, don wat ɗin da aka rubuta a jikin fanel an auna shi ne a digiri 25, a rufin kwano a watan Afrilu kuwa ya wuce haka nesa ba kusa ba kuma fanel in ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake. Saboda haka ƙara kashi ɗaya cikin uku, ya zama wajen 4500. A arewa ranar da ke caji da ƙarfi awa 5 ce zuwa 6, kar ka lissafa daga fitowarta zuwa faɗuwa. Raba 4500 gida 5, ka samu wat 900. To fanel biyu masu wat 550 sun yi maka, har da ɗan rara na ranakun hadarin Agusta da hazon hunturu.

Inda kuɗi ke tafiya kuma inda ake cutar mutane shi ne batir. Abin da za ka ci da dare: ƙwai 300, talabijin 350, rabin na firji 600, fanka awa 8 1200, kusan 2450. Batir mai ruwa na 12V 200Ah a takarda 2400 ne, amma rabi ake sha in ana so ya yi ƙarko, in kana tatse shi kullum ba zai daɗe ba zai mutu. Kenan guda ɗaya 1200 zai ba ka, biyu ma da ƙyar su kai ka asuba, sai huɗu, ko litiyom na 5kWh wanda shi ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa, sai dai fa akwai tsada.

Ni da ni ne, kafin in ƙara batir fankokin nan zan fara sauyawa. Duba lissafin da kyau, su ne suka cinye rabin daren. Fankar DC, wato irin mai cin wuta kaɗan, mai wat 30 guda biyu awa 8, 480 ne kacal maimakon 1200, nan take buƙatar dare ta sauko wajen 1750, batir biyu sun wadatar, kuma kuɗin fanka biyu bai kai na batir ɗaya ba. Inbatar 2.5kVA ɗin ta yi, kar ka ɗauki wadda ba ta kai ta ba, firji yana fizgar wuta ninki uku ko fiye lokacin tashi, gara mai sarari. Kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanel, ka nemi irin da ake kira MPPT, fanel su kalli kudu da ɗan jirkice, kuma a riƙa wanke ƙura da sassafe kafin su yi zafi.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki, zan iya guga da dafa ruwa da solar gidanmu? Fanel biyu ne da batir biyu. Daga wata uwargida a Maraɗi.

AMSA: Hajiya barka kadai. Dutsen guga yana cin wat 1000 ko sama, hita kuma 1500 zuwa 2000, hitar kaɗai ta fi ƙarfin ƙananan inbata. Guga in inbatarku ta kai 2.5kVA ki yi ta da tsakar rana tsakanin sha ɗaya zuwa biyu lokacin da fanel ke bayarwa sosai, ki kashe firji tukuna, da dare kam a'a. Ruwan zafi kuwa ki bar wa gas ko gawayi.