Yaya, ga dalilin da ya sa ba ni da mota a Landan

Yaya, barka da war haka. Ya iyali, ya mutanen Tudun Wada? Saƙonka ya iso, har na kunna wa Maman Abba muka yi ta dariya. Wai shekara goma sha ɗaya a Landan, ko sau ɗaya ba ka ga hotona jingine da mota ba, anya lafiya? Lafiya lau. Alhazan nan da kuke gani suna rabon sababbin kuɗi in sun zo gida Sallah, da yawansu a jirgin ƙarƙashin ƙasa muke haɗuwa, kowa a tsaye riƙe da ƙarfe.

Kada ka auna shi da jirgin Rigasa zuwa Abuja, wanda tun jiya ake shirinsa, a nemi tikiti, a yi sallama da gida. Namu kamar Keke Napep ne a titin Ahmadu Bello, in wannan ya wuce, kafin ka gyara hula wani ya iso. Tube suke ce masa. A 1863 aka buɗe layin farko, kimanin shekara hamsin kafin Turawa su kafa Kaduna. Yau layi 11 ne, tasha 272, kuma duk da sunan nasa, fiye da rabin hanyar a sarari take.

Kowane layi da launinsa, launin nan kuwa shi ne kwatancenmu. Tambayi Bahaushen Landan gidansa, ba zai ce maka bayan masallaci kusa da mai shayi ba. Cewa zai yi ka hau ja, wato Central, ka sauka Stratford, ka kira shi. Sanarwar suna ko ta'aziyya, sunan tasha ake fara nema a ciki. Ran Juma'a wasu su sauka Whitechapel don masallacin gabashin Landan, wasu Baker Street su taka zuwa na Regent's Park. Waɗanda muke tausayawa su ne mutanen kudancin kogin Thames, don yawancin tasoshin a arewa suke. Peckham, duk da cikar 'yan Najeriya da kayan miyarta, Tube bai je can ba, sai bas ko jirgin ƙasa mai bi ta sarari. In ɗan'uwa ya koma can, zumunci kan ɗan yi sanyi, ba don an ɓata ba.

Kuɗi kuma da katin Oyster ko na banki ake biya, ka dangwala a shiga, ka dangwala a fita. An yanka garin shiyya-shiyya, iya nisanka iya abin da za a cire, kuma akwai iyakar da ba a wucewa a yini. Yaro ƙasa da shekara 11 kyauta ne in yana tare da babba. Mota fa? Tun 2003 ake biyan kuɗin cunkoso in ka shiga tsakiyar gari, ga inshora, ga wurin ajiyewa shi ma kuɗi. Masu motar cikinmu galibi sai za su biki Birmingham ko Manchester suke tayar da ita.

Abin da har yau bai zauna mini ba shi ne shirun. Makon farko na shiga tarago na rangaɗa sallama kamar na shiga motar Kawo. Kowa ya duƙufa kallon takalminsa, sai wani dattijo Basomale ne ya amsa can ƙasa-ƙasa. Yanzu in na ga namu, ido da ɗan murmushi ya isa, gaisuwa sai an fito. A matattakala mai tafiya da kanta kuma dama ake tsayawa, hagu ta masu sauri ce. Ran Sallah in ka sa babbar riga, tattare ta kafin ƙofa ta rufe. Kuma kada wani ya ce maka ba a gumi a Ingila, shiga Central a watan Yuli ka ji Kadunar watan Afrilu.

In Allah ya kawo ka, a Heathrow za ka same ni, mu hau shuɗin layin Piccadilly. Ka rage kaya, don ba kowace tasha ce ke da lif ba. Kilishi kuma ka bar shi a gida, ba a barin nama ya shigo. A gaida Inna.