Hukuncin kiɗa da burgar mawaƙa a wajen tunawa da mamata a filin wasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na kalli tsohon bidiyon wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, inda mawaƙa suka cashe a hutun rabin lokaci, wai don tunawa da waɗanda suka mutu a harin 11 ga Satumba. Abokina ya ce karramawa ce, ni kuwa abin bai kwanta mini ba. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasan da kake nufi an yi shi ne a birnin New Orleans ranar 3 ga Fabrairun 2002, wata biyar bai cika ba da harin da ya ci rayuka kusan 3,000. Ƙungiyar U2 ta ƙasar Ayalan ce ta yi kiɗan, sunayen mamatan suna tafiya a kan wani dogon ƙyalle a bayansu.

Tausaya wa wanda musiba ta faɗa wa, ko ba Musulmi ba ne, babu laifi a cikinsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya miƙe da aka wuce da gawa, aka ce masa ta Bayahude ce, sai ya ce: "Ashe ba rai ba ce?" Hawaye ma halal ne, ya zubar da su ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Matsalar tana ga siga. Kayan kiɗa dai jumhurun malamai sun hana, Ibn Hazm ya halatta. Amma ko a kan ra'ayinsa aka tsaya, lokacin mutuwa ba lokacin shewa ba ne. Sake kallon bidiyon, ɗan'uwa. Jagoran U2, Bono, ya zaga dandalin da gudu, daga baya ya buɗe jakitinsa tutar Amurka ta bayyana a ciki, fili ya ɗauki sowa. A wannan daƙiƙar idon jama'a yana kan wa, sunayen ko mai jakitin? Ba na shiga zuciyarsa, niyya sai Allah, kuma an samu Amurkawa da dama da abin ya sanyaya musu rai. Sai dai sana'ar tauraro ita ce ya jawo ido kansa, zaman makoki kuwa mai zuwa gaisuwa ƙanƙan da kai yake yi, ya zauna a gefen tabarma.

Ga abin da sunna ta koyar: da sahabi Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, cewa Annabi (SAW) ya yi a dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu.

Saboda haka Musulmi ba zai shirya irin wannan ba, ba kuma zai ɗauki nauyinsa ba. Idan ƙungiyar ƙwallo tana son tunawa da mamatanta, ta tara wa marayu da zawarawa kuɗin tikiti, a yi wa Musulmin cikinsu addu'a. Kai kuma idan ka ci karo da shi a gidan kallo, kada ka yi izgili da mamatan mutane, ka fita ka sha iska har a dawo wasa. Wallahu a'alam.